Ni da Surukina a Dutsen Mambila

Tun da muka dawo ban huta ba. A majalisarmu ta Shahuci, a ƙofar masallaci, har a teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: "Wai Sunusi da gaske a keke kuka hau Mambila? Kai da surukinka?" Wasu abin dariya suke nema, wasu kuma jira suke su kama ni da ƙarya. Na kuma lura labarin ƙiba yake yi a bakin mutane, har an fara cewa mun yi arba da zaki. Ba mu ga zaki ba. Ga abin da ya faru na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi ɗinkina.

Surukina, mahaifin matata Hadiza, mutumin unguwar Madabo ne a Kano, daga zuriyar Larabawan nan da kakanninsu suka ƙetaro sahara da fatauci suka zauna a birni. Baba muke ce masa, a nan ma Baba zan ce, don hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba. Yana saurayi ya yi tallan yadi a keke a ƙasar Mambila har cikin Kamaru, kuma bai rabu da keke ba har yau. Ko da ya sayi mota, yara ne suka more ta. Bara likita ya gaya masa jijiyar idonsa tana mutuwa a hankali, ba ta gyaruwa, sai dai a rage mata sauri. Bai yi ƙorafi ba. Abin da ya ce kawai shi ne akwai wani tudu da ke kallon garin Banyo na Kamaru, inda yake sauke kaya ya huta a zamanin ƙuruciya, yana so ya sake ganinsa kafin idon ya rufe. Kuma a keke, wai a mota ba ganin ƙasa ake ba, wucewa ake yi.

'Ya'yansa maza duk sun yi tumbi a bayan kanta, babu mai iya taka feda daga Madabo zuwa Kurmi bai nemi ruwa ba. Ni ne mai fita da abokai ranar Asabar mu kai Tiga mu dawo. Sai abin ya faɗo kaina.

Ranar da za mu tashi Hadiza ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Ni ban hana ba, don ba wanda ya isa ya hana Baba. Amma amana na ba ka. Ka kai shi ya gani, ka dawo min da shi da ƙafarsa."

Na ce, "In sha Allahu."

Ta ce, "Ka kalle ni ka faɗa."

Na kalle ta na sake faɗa.

Abin da ban lissafa ba shi ne kunya. Sama da shekara goma da aurena, ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Ban taɓa shiga gabansa a hanya ba, ban taɓa ɗaga murya yana wurin ba. A tsugune nake gaishe shi, idona a ƙasa. Haka aka rene mu, kuma ban ga laifin hakan ba. Na yi ta atisaye a gadar sama ta Ƙofar Nassarawa da gindin Dala ina shirya wa dutse ƙafata, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yadda mutum zai yi tafiya mai nisa da wanda ba ya iya tauna ƙosai a gabansa ba.

Mota muka bi zuwa Jalingo, daga can zuwa Serti, kekunan a ɗaure a sama. Baba bai bar yaran mota sun sha iska ba, duk inda aka tsaya sai ya fita ya ja igiya ya ji ko ta saki. A Serti muka sauka a wani ɗan masauki mai ɗaki ɗaya da katifa biyu, a nan matsalata ta fara. Mai abinci ta kawo shinkafa da miya a tire guda, cokali biyu.

Baba ya ce, "Bismillah, Malam Sunusi."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, a ƙoshe nake."

Ƙarya ce tsagwaronta. Da ya gama na zagaya bayan masaukin na sayi ƙosai na tsaya kusa da rijiya ina turawa kamar ɓarawo. Na ce a raina ai shi ke nan, dabara ta samu, haka zan riƙa yi har mu dawo.

Daga Serti muka hau keke. Jakar guzurin da Hajiya, surukata, ta haɗa mana, dambun nama da alkaki da dabino, tana kan kariyar keken Baba. Tawa kariyar famfo ne da kayan faci da rigunan sanyi. Baba a gaba, ni a baya, yadda ya kamata.

A Mayo Selbe dutsen yake farawa, kuma duk wanda ya ce muku ya san hawa don ya hau Goron Dutse, ku yi masa uzuri. Hanyar nannaɗe take da jikin dutsen, ka sha kwana kana cewa an zo, sai ka ga wata kwanar a saman kanka. Manyan motoci suna nishi, direbobi suna leƙo kai suna yi mana kirari, wani kuma ya ce, "Alhaji, wa ya kore ku daga gida?" Baba ya sa keke a ƙaramar giya, yana taka feda a hankali yana salati, ko waiwaye ba ya yi. Tsohon nan ya ba ni mamaki, ya kuma ba ni haushi kaɗan.

A hanyar nan babu bayan gida babu bayan rijiya. Hagu bango ne na dutse, dama rami. Babu inda mutum zai laɓe ya ci wani abu. Duk hutun da muka yi Baba zai miƙo dabino, ni kuma in ce a ƙoshe nake, in kora da ruwa. Rana na yin tsaka yunwa ta fara cin ƙarfina. Daga nan na ga hanyar ta zama biyu. Abin da na sani bayan wannan shi ne ina zaune a ƙasa, keke a kaina, wata mata tana yi mini fifita da murfin kwano.

Sunanta Rifkatu, 'yar Mambila ce, tana sayar da ayaba da fiya a wata kwana. Ta dube ni ta ce da irin Hausarsu, "Wannan ba ciwo ba. Yunwa ne. Yaushe ka ci abinci?"

Na saci kallon Baba. Baba ya ce, "Surukina ne."

Ta ce, "To sai me?"

Baba ya yi mata bayani a taƙaice. Matar nan ta yi dariya har ta dafa ƙasa. Ta ce, "Kai, Kano! A gidanmu wanda ya yi aiki shi yake ci, ko gaban wa. Kai za ka mutu a dutsen mutane saboda ayaba?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba bai yi dariya ba. Ya kwance jakar guzuri ya ajiye a gabana, ya ce, "Ina jin tayar bayan nan tawa tana shan iska. Bari in duba." Ya tura kekensa gaba kaɗan, ya juya mini baya, ya tsuguna. Tayar lafiyarta ƙalau, ni na ba ta iska da safe. Ya daɗe yana latsa ta yana juya ta, har na cinye ayaba da fiya da rabin dambun Hajiya. Rifkatu ta ƙara mini wata ayabar kyauta, tana ta girgiza kai. Allah Ya saka wa matar nan da alheri.

Daga ranar, duk inda muka tsaya sai tayar Baba ta buƙaci dubawa. Bai taɓa cewa komai a kai ba, ni ma haka.

A saman dutsen wata duniya ce. Sanyin Nguroje, garin da muka kwana, ba irin namu ba ne da yake zuwa ya tafi, can gidansa ne. Na sa hannu a ruwan alwala na kusa fasa sallar, sai na ga ashe a masallacin ana ɗora tukunya a wuta don masu alwala. Ban ga fanka ko ɗaya a kasuwa ba, sai rigunan sanyi da takalman roba. Shanunsu kuwa jajaye ne manya, kuma a killace suke cikin waya a kan tuddai, kowa da nasa filin, ba kamar namu da ke bin titi suna gardama da masu adaidaita ba. Tuwon masara ake ci da miyar wani ganye da suke kira kumbi, mai ɗan ɗaci, wanda na raina da farko daga baya na nemi ƙari. A kasuwa Fulatanci ne ke aiki. Ni na zama kurma, Baba kuwa harshensa ya warware, yana ciniki yana zolayar tsofaffi kamar jiya ya bar garin.

Wani Bakano ne ya sauke mu, Malam Ɗanlami, tela kamar ni, wanda ya zo garin da daɗewa ya yi aure ya zauna. Bai tambaye ni labarin kowa ba sai na gurasa. Da safe muna ɗaura kaya ya ja ni gefe.

Ya ce, "Malam, jiya da muka fito masallaci tsohon nan ginshiƙin rumfa ya miƙa wa hannu. Ka lura?"

Na lura. Na kuma lura tun garin Maisamari da muka baro yake faɗawa ramukan da ko yaro zai kauce musu.

Ya ce, "Hanyar Mayo Ndaga da za ku bi ba kwalta. Kai ya kamata ka shige gaba."

Na ce, "Surukina ne fa. Ta yaya zan ce masa ba ya gani, ya koma bayana?"

Ya dube ni ya ce, "To. Allah Ya kiyaye."

Na san gaskiya ya faɗa. Sau da yawa a hanyar na shirya maganar a bakina, in na matso kusa da Baba sai in ji na ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Haka muka bi jar ƙasa da taɓo, mai raunin ido a gaba, mai ido biyu a baya yana ladabi.

Garin da ke bakin boda sunansa ma Kan Iyaka. Ma'aikatanmu suka duba takardunmu, suka duba kekunan, suka sake duba mu. Ɗayansu ya ce, "Baba, daga Kano? Me kuke sayarwa?" Baba ya ce, "Ba komai. Kallo muka zo." Mutumin ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga masu kallo. A ɓangaren Kamaru wani jandarma, ɗan sandansu ke nan, ya yi mana Faransanci mai tsawo, Baba ya mayar masa da Fulatanci, nan take fuskarsa ta saki. Sharaɗinsa ɗaya ne, sai ya ɗana kekena. Ya zagaya fili da bindigarsa a baya yana kaɗa ƙararrawa, ya dawo yana haki ya ce mu wuce. A nan na fara cin burodinsu dogo mai tauri, wanda ake tsagawa a zuba wake a ciki. Baba ya duba tayarsa, na ci guda biyu.

Bayan boda hanya ta fara gangara. Ba mu yi nisa ba gajimare ya sauko mana, ba a sama ba, a kan hanyar, fari fat, mai jiƙa riga. Baba yana gabana, kekensa yana ƙara gudu. Can na hango wasu rassan itace an jera a tsakiyar hanya, alamar da mutanen wurin ke sawa idan akwai haɗari. Bayan rassan ruwa ya cinye rabin hanyar, ya bar rami mai zurfin da ban ga ƙarshensa ba. Baba ya nufi wurin kai tsaye, hannunsa ko kusa da birki bai kai ba.

Na kaɗa ƙararrawa. Na ce, "Baba." Da muryar gaisuwa na faɗa, wallahi, muryar da nake tsugunawa da ita a zaure. Iska ta kwashe ta. Na sake cewa, "Baba, a ɗan dakata." Bai ji ba.

Sai fuskar Hadiza ta faɗo mini. Na saki birki, na buɗe maƙogwaro na kira sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba Alhaji ba Baba. Na ce, "Tsaya! Ka tsaya na ce!" Na wuce shi ta gefen ramin na karkato kekena na banke nasa. Muka zube tare cikin taɓo a gindin rassan.

Gwiwata ta fashe, hannuna ya goge, amma ba su ne damuwata ba. Na rarrafa na je na taɓa shi ina cewa, "Inna lillahi, Baba, an ji ciwo?" Yana zaune, hularsa ta tafi, taɓo har gemu. Ya shafa ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya motsa wuyansa.

Ya ce, "Wa ya kira ni?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ne, Baba. A gafarce ni."

Ya ce, "Rabon da in ji sunan nan da wannan muryar tun mahaifiyata tana da rai."

Na kama hannunsa na kai shi bakin ramin, na ɗauki dutse na jefa don ya ji. Muka saurara har ya faɗa ruwa. Baba ya yi salati a hankali. Muka koma muka zauna.

Ya ce, "Tun Nguroje da jin taya nake bin hanya. In rana ta buɗe ina rarrabe jan hanya da koren ciyawa. Da abin nan ya sauko, komai ya zama fari."

Na ce, "Baba, me ya sa ba a gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai me ya sa ba ka gaya mini kana jin yunwa ba?"

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba, a gaban surukina, baki buɗe. Shi ma ya kama. Muna dariya, amma na san saura ƙiris in koma Madabo da keke biyu ni kaɗai.

Na ce mu jira ɗan acaɓa ya kai shi, ni in biyo da kekunan. Ya ce a'a, bai taso daga Kano don ya ƙarasa a bayan wani ba. Ya ce, "Kana da wata riga mai launin lemo a jakarka. Sa ta ka shige gaba. Ita ina ganinta. Kuma ka yi magana da ƙarfi, ka bar mini wannan muryar ta amarya."

Na taka tayarsa ta gaba da ta ɗan lanƙwashe har ta miƙe, muka tashi. Haka na shiga gaban surukina ina ba shi umarni kamar kwandasta. "Rami a dama! Birki! Saki! Shanu a gaba, sauka!" Da farko kowace kalma da kunya nake faɗinta. Kafin la'asar na saba, har na ji kaina ina cewa, "Na ce birki, Baba, ba ka ji ne?" Ya amsa daga baya, "Na ji, ranka ya daɗe."

A wani ƙauyen Fulani da ke gindin tudun da muka zo nema muka sauka. Maigidan dattijo ne, da Baba ya faɗi ko shi wane ne sai ya tafa hannu, ya ce yana yaro akwai wani Balarabe mai keke da ke kawo wa iyayensu mata yadi. Suka rungume juna. Su ma Fulani sun san kunyar suruki, har sun fi mu, don haka da aka ji matsayina sai aka kai mini nawa tuwon da kindirmo can wata bukka. Baba ya ce a dawo da shi.

Ya ce, "Mutumin da ya kira sunana a tsakiyar daji ya kuma kayar da ni a taɓo, wace kunya ta rage? Zauna mu ci."

Na zauna. Ya tura mini tsokar kaza gabana da yatsa, yana lalube.

Da safe gari ya waye tas, babu gajimare ko ɗaya. Muka hau tudun, ni a gaba da rigar lemo, ƙarshensa da turi muka ƙarasa. Baba ya jingine kekensa ya tsaya yana fuskantar kwarin. Na koma gefe na ba shi wuri. Ya daɗe a tsaye. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sa hannu ya kare rana.

Can ya ce, "Sunusi." Karon farko ke nan da ya kira ni babu Malam. "Zo nan. Me kake gani?"

A nan na gane mun makara. Na matso na tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, na fara faɗa masa. Na ce ga garin can ƙasa, rufin kwano ja da fari, ga hasumiyar masallaci, ga kogi ya lanƙwasa ta bayan gari, ga wani babban dutse ya tsaya a kansa, ga shanu a gangare kamar an watsa jan wake.

Ya ce, "Ta hagu akwai wani dutse mai tsaga a tsakiya?"

Na ce, "Akwai, Baba."

"Da wata babbar bishiya a gindinsa? A nan nake jingine keke."

Na duba, na sake dubawa. Na so in ce akwai. Na ce, "Babu bishiya, Baba. Sai kututture."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, ita ma ta yi nata. Ci gaba. Kogin da ruwa?"

Na ci gaba. Duk abin da idona ya kai gare shi sai da na faɗa, har matan da ke shanya a bakin ruwa da launin zannuwansu. Yana ji yana murmushi, wani wurin ya gyara mini sunan unguwa, wani wurin ya ce a da babu wannan. Hawaye yana zubo mini ina magana, na gode wa Allah da ba ya ganin fuskata. Da na gama ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, ya sa da Rifkatu da Malam Ɗanlami da jandarman nan, ya sa da ni.

A mota muka dawo, kekunan a sama. Da muka iso Madabo lungun ya cika, Hajiya tana ta hamdala daga cikin gida. Baba ya sauko ya dafa kafaɗata, na shige gaba muka shiga zaure, mutane suna kallon ikon Allah. Hadiza tana tsaye a ƙofar tsakar gida. Ta dubi mahaifinta daga sama har ƙasa, ta dubi gwiwata da ke ɗaure da bandeji.

Ta ce, "Baba, sannu da hanya. Ka ga wurin?"

Na sa idona a ƙasa. Na ji yatsunsa sun matse kafaɗata.

Ya ce, "Na gani, Hadiza. Tas na gan shi. Mijinki ya nuna mini."